Madatsar Tiga: Ribar Kura, Asarar Gashuwa

 Yau ruwa za mu bi, tun daga inda aka tare shi a kudancin Kano har zuwa inda yake ƙarewa a Tafkin Chadi, mu ga yadda ake yi wa babban aikin injiniya hisabi bayan ya haura shekara hamsin yana aiki.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano. Wanda ya san halin da ake ciki a lokacin ba zai tambayi dalilin gina ta ba. Fari ya addabi yankin Sahel tun farkon shekarun 1970, shanu sun mutu, rumbuna sun bushe, ga kuma kuɗin man fetur sun fara kwararowa aljihun gwamnati. Kogin da yake cika ya batse a watanni uku na damina sannan ya koma rairayi, me zai hana a tare shi a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara? Aka gina ta don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta, domin tana da shi. Babban abin burgewa a tsarin Tiga shi ne ruwan da kansa yake gangarowa. Madatsar tana sama, gonakin suna ƙasa, saboda haka daga babban kanal zuwa ƙananan da suka ratsa Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam ba a buƙatar man dizal ko lantarki. A ƙasar da wuta take zuwa idan ta ga dama, wannan hikima ce babba. An tsara kashin farko na aikin noman rani na Kogin Kano ya kai hekta 22,000, kuma ko da yake an daɗe ba a cike wannan adadi ba, wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga kore shar dama da hagu. Ya ga kwandunan tumatir a kasuwar Kwanar Gafan suna jiran manyan motocin Legas, ya ga masu sarrafa shinkafa a Kura. Samarin da a da suke tafiya cin rani sun samu abin da zai zaunar da su a gida. Birnin Kano ma, da yawan jama'arsa, yana sha daga ruwan da madatsun yankin suke saki. Duk mai son kushe Tiga, sai ya fara faɗa mana inda zai samo wa waɗannan mutane madadinta.

To amma ruwan nan, kafin a tare shi, ina yake zuwa? Masu tsara irin waɗannan ayyuka a wancan zamani suna ɗaukar duk ruwan da ya wuce ba a tare ba a matsayin asara, wai yana tafiya ya baje a fadama rana ta shanye shi. A nan lissafin ya fara karkacewa.

Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rarrabu tsakanin tsofaffin tuddan yashi, ya malale a faffaɗar fadamar da ta kai har Nguru. Daga ɓangaren Bauchi kuma Kogin Jama'are yana gangarowa, su haɗu a kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda a can gaba yake raba Najeriya da Nijar ta wajen Diffa. Sama da mutum miliyan ɗaya ne rayuwarsu ta rataya a kan wannan ambaliya, kuma sun san kalandarta kamar yadda suka san ta azumi. Manomi yana shuka shinkafa da ruwan sama, ambaliya ta zo a watan Agusta ta raine ta. Idan ruwa ya fara janyewa sai a bi danshin da wake. Masunta su kama tarwaɗa da karfasa da suka hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Bafulatani ya sauko da shanunsa da rani ya tarar da ɗanyar ciyawa. Mata su yanki kaba, a samu itacen girki. Ƙarƙashin ƙasa kuma ruwan yana tsuma yana cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake da ofishi ko rasit, shi ya sa ba su shiga takardun masu tsari ba.

Kafin Tiga, a shekara mai albarka ambaliyar tana rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A shekarun 1980 da farkon na 1990 an yi shekarun da ba ta kai rabin haka ba. Sai dai a yi adalci: a daidai wannan lokaci ruwan sama ma ya ja baya, farin 1984 ya yi tsanani ƙwarai. Ɗora wa madatsa laifin fari zalunci ne, fakewa da fari don wanke madatsa kuma yaudara ce. Abin da masana ruwa suka yi shi ne lissafa yadda ambaliyar za ta kasance a irin wannan ruwan sama idan da babu madatsar, kuma bambancin ya fito fili.

A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka wallafa nazarin da ya ɗora amfanin ɓangarorin biyu a kan sikeli ɗaya. Suka ƙiyasta abin da fadamar take bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da manyan ayyukan ban-ruwa na sama za su ƙara. Sakamakon ya nuna ribar da za a samu a sama ba za ta rufe ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a ƙasa ba. Kuma ku lura, ba su ma saka kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin wannan lissafi ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gonar kanal tana ba da amfani mai yawa a kowace hekta, amma tana shan ruwa mai yawa, ga kuɗin gini da na gyara da na taki. Idan da hekta aka auna, Kura ce a gaba. Idan da ruwa aka auna, wanda shi ne abin da yake ƙaranci a wannan yanki, sai fadama ta wuce.

Akwai kuma batun iyaka. Lokacin da aka gina Tiga, Nguru da Gashuwa suna cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ba su da bakin magana a Kano. Haɗeja tana cikin Kano a lokacin, amma a 1991 ta koma Jigawa. Wato masu cin riba suna ƙarƙashin gwamna ɗaya, masu asara suna ƙarƙashin wasu.

Illar da ta fi ba ni mamaki, masu sauraro, ita ce wadda ta zo ta hanyar yawan ruwa. A 1992 aka kammala babbar madatsa ta biyu, ta Challawa, kusa da Karaye. Daga nan kogin da a da yake bushewa ƙarƙaf da rani ya koma mai gudana duk shekara, saboda ana sakin ruwa don birnin Kano da kuma gonakin ban-ruwa na Haɗeja. A kunne wannan alheri ne. Amma akwai ciyawar da ake kira kacalla, wadda bushewar rani ce take kashe ta, ƙarfin ambaliyar damina kuma yake tumɓuke ta ya share laka daga hanyoyin ruwa. Madatsun suka kawar da duka biyun. Kacalla ta samu ruwa mara zurfi, mai tafiya a hankali, wata goma sha biyu. Ta yi tsawo ta fi mutum, ta cunkushe, laka ta taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe.

Ruwa kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Da tsofaffin hanyoyinsa suka toshe sai ya karkata zuwa mashigar Marma da ta nufi tafkin Nguru, ya shanye gonakin da a da ake nomawa, wasu ya zauna a kansu shekara da shekaru. A can gefe kuma mashigar Burum Gana ta riƙa ƙafewa. Ƙauye biyu da ba su da nisa da juna, ɗaya yana kukan ruwa ya ci gona, ɗaya yana kukan ƙishi. Cikin kacallar tsuntsayen jan-baki suke kwana su wayi gari a kan shinkafa da gero, sauro ya samu gida, haka ma dodon koɗin da yake yaɗa cutar tsargiya. Masunci ya rasa inda zai jefa taru. Jama'a sun yi ta aikin gayya, su shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje, gwamnatoci sun sayo injinan yanka, amma muddin ana sakin ruwa yadda ake sakinsa, ciyawar dawowa take yi.

Ko ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar burtsatsen fadama, waɗanda suka bazu tun shekarun 1980 kuma suka taimaki ƙaramin manomi da ɗan kuɗi kaɗan, ruwan da ambaliya ta ajiye a ƙarƙashin ƙasa suke zuƙa, saboda haka raguwar ambaliya su ma tana shafar su.

A nawa ganin, kuskuren ya fi yawa a wajen riƙon ƙofar madatsar fiye da ginin kansa, kuma wannan yana gyaruwa. Maƙwabtanmu na Kamaru sun gwada. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa, fadamar Waza-Logone ta bushe, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, ambaliya ta koma wani yanki na fadamar, ciyawa da kifi suka farfaɗo. A nan ma masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai ƙarfi daga Tiga da Challawa a daidai lokacin damina, a kuma rage shi sosai da rani har kogin ya sha iska. Wahalar ita ce an tsara Tiga ne don ciyar da kanal, ba a yi ta da tunanin sakin ambaliya ba, sannan babu jami'in da yake son a ce shi ya rage wa Kano ruwa. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa sun haɗu a Damaturu sun amince da kafa asusun kula da shi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 don gyara manyan ayyukan ban-ruwa na arewa, har da na Kano da Haɗeja da Bakolori. Gyaran kanal yana rage ɓarnar ruwa, wannan gaskiya ne, amma idan abin da aka tsimi aka mayar da shi faɗaɗa gonaki a sama, mutumin Gashuwa bai ga komai ba.

Yanzu saura Kogin Jama'are, wanda har yau babu babbar madatsa a kansa. Tun shekaru da dama ake ta maganar gina ta Kafin Zaki a Jihar Bauchi, a fara a tsaya, duk lokacin zaɓe kuma a sake tayar da zancen. Mutanen Bauchi suna da hujja: sun ga abin da Kura ta zama, suna son irinsa. Ni dai da za a tambaye ni, kada a aza tubali ko ɗaya sai an rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki kowace damina, an yi ƙofar da za ta iya sakinsa, an kuma zaunar da jihohin Yobe da Borno da ƙasar Nijar a teburin da za a sa hannu. Domin abin da yake isa Gashuwa da Gaidam da Damasak, har zuwa gonakin tattasai na Diffa, galibinsa a yau ruwan Jama'are ne.