Wayoyi Huɗu da Ke Tsayar da Tirela

Da zarar an fara saran rake a Kudan da Makarfi, tumatir kuma ya nuna a Ikara, sai ka ga a-kori-kura ta yi wa mai ita kaɗan. Sai a je wurin mai walda ya ƙera ƙaramar tirela a kan tsohon gatarin mota, a ƙulla ta a baya. Aikina wayarin mota ne a nan Janfalan, kuma masu irin wannan tirela fitila kawai suke kawo mini in haɗa musu. Ba mai tambayar birki.

To, birkin a-kori-kura irin Hilux an auna shi ne da nauyin motar da kayan da ke cikinta. Idan direba ya taka shi da ƙarfi wajen shiga babban titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari, lodin da ke baya bai san an tsaya ba. Turo motar zai yi, ko ya murɗe ta gefe. Shi ya sa a Ingila doka ta ce duk tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 sai an sa mata birkinta na kanta.

A Amurka an fi amfani da birki mai lantarki. Cikin kowace ƙafar tirela akwai maganaɗisu. Idan wuta ta zo masa sai ya manne wa gangar birki, ya buɗe takalmin. Mai aiko da wutar wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa kusa da sitiyari, irin wadda kamfanin Tekonsha ke yi. Wayoyi huɗu gare ta. Baƙa tana zuwa kan batir mai alamar ƙari, ta bi ta makatsar wuta mai amfiya 20 ko 30, irin wadda ke mayar da kanta. Fara tana zuwa kan batir mai alamar ragi. Shuɗiya ita ce ke ratsa ƙarƙashin mota har soket mai baki 7 da ke baya, ta kai wuta ƙafafun tirela.

Ja ita ce mai wuyar sha'ani. Wurinta makunnin da ke saman fedar birki, kuma makunnin nan yana da wayar da kullum take da wuta, da wadda ba ta samun wuta sai an taka. Ta biyun ake nema. Ka ɗora fitilar gwaji, wani ya taka ya saki, ka ga wadda ke kamawa tana mutuwa. Wanda ya haɗa da ta farko, tirelarsa za ta riƙe birki ko da mota na tsaye, batir ya zube kafin asuba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne murɗa waya da hannu a naɗe da leda. Kowane maganaɗisu yana jan kusan amfiya 3, ƙafa huɗu kuwa wajen 12 ke nan. Siririyar wayar rediyo ba ta ɗaukar wannan. Zafi za ta yi, ƙurar hunturu da jijjigar hanyar gona su ƙarasa ta. A sa waya mai kauri, a yi mata dalma, a ɗaure ta nesa da salansa.

Bayan an gama, a fita fili da gudun kilomita 40 a awa, a ja madannin hannu na na'urar, a riƙa ƙara ƙarfi har ƙafafun su kusa kullewa, sannan a rage kaɗan. Saitin tirela mai lodi daban yake da na wadda ba komai a ciki.

Na'urar ba ta da amfani idan gatarin ba mai maganaɗisu ba ne. Don haka roƙona ga masu walda da masu mota: ku yi maganar birki tun kafin a yanka ƙarfen farko. Wanda bai samu irin wannan gatari ba, ya rage lodi, ya rage gudu, kuma kada ya ɗora mutane a kan rake.