Tsohon Hoto Shaida Ne

Ina iyakar hurumin garinku take shekara 40 da suka wuce? In ka tambayi dattawa uku, mai yiwuwa ka ji amsa uku. Manomi ya ce nan gonar ubansa ce, makiyayi ya ce nan kakansa ya yi kiwo. Daga gardama sai sanda, daga sanda sai gaban alƙali. Ashe kuwa akwai mashaidin da ba ya mantuwa, ba shi kuma da ɗan'uwa a garin.

A shekara ta 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan adam mai suna Landsat. Tun daga lokacin nan shi da magadansa suna ta ɗaukar hoton ƙasa. Na yanzu kowannensu yakan komo bisa wuri ɗaya bayan kwana 16. A dā sai da kuɗi masu yawa ake samun hotunan, amma a 2008 aka buɗe rumbun kyauta. Mai kwamfuta da intanet yana iya ɗauko su a EarthExplorer. A Google Earth ma akwai inda ake komar da shekaru baya.

Mun ga amfanin irin wannan a Nijar. Da masana suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sababbi na tauraro, sai suka tarar itatuwa sun ƙaru a gonakin Maraɗi da Damagaram, cikin fili wajen hekta miliyan 5. Manoma ne suka daina sare tohon kututture, hoto kuwa ya shaida aikinsu.

To, yaya za mu yi a garinmu? Mu malaman makaranta mu nemi hotuna uku, misali na 1986, da 2006, da na bana. Duka su zama na wata ɗaya cikin rani, gama gizagizan damina sukan rufe ƙasa. Mu buga su a babbar takarda, mu shimfiɗa a ƙofar fadar dagaci. Hoto bai san suna ba. Tsofaffi su ne za su ce ga fadama, ga tsohuwar makabarta, ga mashayar shanu. Mata sun san inda ake itace da ɗiban ruwa, kada a bar su a baya. A kira makiyaya tun ranar farko. Yaran makaranta su rubuta, su zana.

Amma mu yi hattara. Kowane ɗigo na hoton Landsat fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi. Zai nuna daji da tafki da yadda gonaki suka ci hurumi, amma ba zai nuna iyaka tsakaninka da maƙwabcinka ba. Kada wani ya mai da shi makami.

Hotunan suna nan a ajiye, ba za su ruɓe ba. Dattawan da suka san sunayen wuraren su ne suke ƙarewa. Mu tafi wurinsu a ranin nan.