Ƙwallon Tsakar Dare: Copa America a Idon Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ranar Lahadi, 14 ga Yulin 2024, wajen ƙarfe goma na dare, aka tashi daga wasan ƙarshe na kofin nahiyar Turai, Sifaniya ta doke Ingila da ci biyu da ɗaya. Duk wanda ya san gidajen kallon ƙwallo na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san yadda irin wannan lokaci yake: rumfar kwano cike da zafi, bencina a jere, janareta na ruri a bayan katanga, jama'a na fitowa ana gardama, mai shayi na ƙara gawayi. A bakin ƙofa akwai allon da ake rubuta wasannin rana da alli. A daren nan saura layi ɗaya ba a goge ba: wasan ƙarshe na Copa America, Ajantina da Kolombiya, ƙarfe ɗaya na dare. Samari su dubi layin, su dubi mai gidan kallo. Shi kuma ya dubi abin da ya rage a jarkar mai, ya dubi duhun da ya rufe bakin layi. Amsar da aka saba ji a irin wannan hali ita ce a yi haƙuri, kowa ya tafi gida, da safe a ji yadda ta kaya.

Wasan ma bai fara ƙarfe ɗayan ba. Magoya baya marasa tikiti sun yi cincirindo a ƙofofin filin Hard Rock da ke Mayami, aka jinkirta fiye da awa guda, sai bayan ƙarfe biyu agogonmu aka take leda. Lionel Messi ya fita bayan hutun rabin lokaci, idon sawunsa a kumbure, ya zauna a benci yana kuka. Aka cika minti casa'in babu ci, aka shiga ƙarin lokaci. Sa'ad da Lautaro Martinez ya ci wa Ajantina ƙwallo a minti na 112, a nan gida asuba ta kawo jiki, ladanai na shirin kiran salla. Mafi yawan masoyan Messi na yankinmu a waya suka ga wannan ƙwallo, bayan gari ya waye.

Gasar da ta girmi kofin duniya

Copa America ita ce gasar nahiya mafi tsufa da har yau ake bugawa tsakanin ƙasashe. A 1916 aka fara ta a Ajantina, lokacin bikin cikar ƙasar shekara ɗari da samun 'yancin kai. Ƙasashe huɗu ne suka buga: Ajantina da Birazil da Cile da Yurugai, kuma Yurugai ce ta yi nasara. A cikin makonnin gasar aka kafa hukumar ƙwallon Kudancin Amurka, CONMEBOL. Sai bayan shekara 14 aka fara kofin duniya, a 1930, a Yurugai. Sunan Copa America kuwa a 1975 ya zama na hukuma.

Da yake ƙasashe goma kacal ke cikin hukumar, tun 1993 ake gayyato baƙi don a cika rukunai. Meziko da Amurka ne suka fara zuwa, daga baya har Japan da Katar an gayyata. A 2016 da 2024 an kai gasar Amurka aka buga da ƙasashe 16. Kofin 2024 shi ne na 16 ga Ajantina, ta wuce Yurugai mai 15, Birazil na biye da tara.

Ƙarancin ƙasashen nan shi ne ya ba gasar ɗanɗanonta. Maƙwabta ne da suka san juna ciki da bai, suna ɗauke da gabar da suka gada kaka da kakanni. Shi ya sa wasanninta suke da zafi, ga gwaninta ga kuma ƙeta, kamar damben da ake yi tsakanin Arewa da Kudu da Guramada, inda kowa ya san gidan da abokin karawarsa ya fito.

Me ya haɗa mu da su?

Tsakanin Faskari da birnin Buenos Aires akwai teku da dubban kilomitoci, amma ƙwallo ta daɗe da ƙulla mana zumunci da kishi. Dattawan majalisa ba su manta da 1996 ba, shekarar da Najeriya ta fitar da Birazil da ci huɗu da uku a gasar Olamfik ta Atlanta, ta kuma doke Ajantina uku da biyu ta ɗauki zinare. Cikin 'yan wasan akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna. Tun daga nan Ajantina take ramawa. Sau biyar muka haɗu a kofin duniya, a 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, kuma duk ta ci mu, ko da yaushe da ratar ƙwallo ɗaya. A karawar 2014 Messi ya ci biyu, Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, shi ma ya ci biyu. Messi ɗin nan shi ne ya hana mu kofin matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005 da bugun fenareti biyu. Angel Di Maria kuwa shi ya ɗaga ƙwallo ta saman golanmu a wasan ƙarshe na Olamfik a Bejin a 2008.

Sai kuma gardamar da ta raba majalisu gida biyu fiye da shekara goma: 'yan Messi da 'yan Ronaldo. Babban makamin 'yan Ronaldo a da shi ne cewa Messi bai taɓa ɗaukar wa babbar tawagar ƙasarsa kofi ba. Sun sami abin faɗa a 2015 da 2016, da Cile ta doke Ajantina sau biyu a jere a bugun fenareti. A karo na biyu Messi ya ɓarar da nasa bugun, har ya ce ya daina buga wa ƙasarsa, daga baya ya dawo. A Yulin 2021, a filin Marakana na Birazil, Di Maria ya sake ɗaga ƙwallo ta saman gola kamar yadda ya yi mana a Bejin, Ajantina ta ɗauki babban kofinta na farko cikin shekara 28. Mahaƙurci mawadaci. Saboda haka Copa America ta zama kotun da ake yanke hukuncin gardamar da aka faro a teburin mai shayi.

Agogo, damina da duhu

Matsalar farko ta agogo ce. A watannin Yuni da Yuli muna gaban gabashin Amurka da awa biyar, yammacinta kuwa da awa takwas. Wasan da aka sa ƙarfe takwas na yamma a Atlanta ƙarfe ɗayan dare ne a Sabuwa. Karawar da Yurugai ta fitar da Birazil a Las Vegas ƙarfe biyu ta fara a wajenmu.

Ta biyu ita ce damina. Kudancin Katsina ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, kuma gasar tana faɗowa ne daidai lokacin noman farko da sa taki. Saurayin da ya kwana ido biyu, da sassafe fartanya na jiran sa. Ga hadari, wanda da zarar ya haɗu sai hoto ya daskare a allo, don ruwa mai ƙarfi yana tare saƙon tauraron ɗan'adam kafin ya iso kwanon da ke kan rufi. Ga tsadar fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, wadda ta sa kunna janareta na awa uku saboda mutum goma ya zama asara ga mai gidan kallo.

Duk waɗannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce daren kansa. Hausawa suna da karin magana biyu a kan dare: dare mahutar bawa, da kuma dare rigar mugu. Mun tashi muna sanin ta farko, yaran yanzu kuwa ta biyun suka buɗi ido da ita. Da dare ne, ranar 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokokin tsaro da suka haɗa da hana sayar da fetur a jarka, da taƙaita zirga-zirgar babura da dare, da hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An yi hakan ne don a toshe wa ɓarayin daji hanya, amma abin ya shafi kowa: babu man janareta, babu babur, babu intanet ɗin da za a duba sakamako. Rediyo ne ya riƙe mutane a watannin nan. A Yunin 2024 ma, ana saura kwanaki a fara gasar, an kai mummunan hari garin 'Yargoje da ke ƙaramar hukumar Ƙanƙara, aka rasa rayuka masu yawa.

A irin wannan yanayi, uwar da ɗanta ya ce zai fita kallon ƙwallo ƙarfe ɗayan dare tana da gaskiya in ta tare ƙofa. Sai masoyan gasar suka koma wata dabara. Ana kai waya wurin mai caji tun da yamma, a sayi data, samari uku ko huɗu su haɗa kai a zaure a kan tabarma ɗaya, a rage murya, a rufe hasken allon da gefen bargo. In ƙwallo ta shiga sai dai a damƙe hannun juna, ba a ihu, don ihun tsakar dare a garuruwanmu yana da wata fassarar.

Kolombiya ta san wannan ciwo

Abin da ya sa nake ganin ya kamata mu bi wannan gasa da idon basira shi ne tarihin ƙasar da ta sha kashi a wasan ƙarshen 2024. A 2001 Kolombiya ce mai masaukin baƙi, alhali tana cikin yaƙi da 'yan tawaye, garkuwa da mutane ta zama ruwan dare. Ana gab da farawa aka sace mataimakin shugaban hukumar ƙwallon ƙasar. CONMEBOL ta ɗage gasar, sannan ta janye hukuncin kwanaki kaɗan kafin ranar buɗewa. Ajantina ta ƙi zuwa, Kanada ma haka. Aka kirawo Honduras a kurarren lokaci, ta zo ta fitar da Birazil da ci biyu da nema. Gwamnatin ƙasar ta kira gasar Kofin Zaman Lafiya, kuma Kolombiya ta ɗauke shi a Bogota, ta ci wasanninta shida ba tare da an zura mata ko ɗaya ba.

Kofi bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Sai a 2016 aka sa hannu kan yarjejeniya da babbar ƙungiyar tawaye ta FARC, kuma ko bayan nan da sauran rina a kaba. A Oktoban 2023 wata ƙungiyar, ELN, ta sace mahaifin ɗan wasan Kolombiya Luis Diaz, wanda a lokacin yake buga wa Liverpool. Diaz ya shiga fili yana cikin wannan hali, ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallo, ya ɗaga riga ya nuna rubutun neman a sako mahaifinsa. Bayan kwana 12 aka sako dattijon. Mako guda bayan haka yana zaune cikin 'yan kallo a Barranquilla yana hawaye, ɗansa ya zura wa Birazil ƙwallo biyu. Mu ma muna da namu: a 2018, sa'o'i kaɗan kafin karawa da Ajantina, aka sanar da kyaftin Mikel Obi cewa an sace mahaifinsa, ya haɗiye maganar ya buga wasan har ƙarshe.

Wanda ya taɓa zaman jiran kiran waya daga daji, ko ya sayar da gona da shanun huɗa don haɗa kuɗin fansa, ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimci hawayen mahaifin Diaz. Darasin Kolombiya shi ne hanyar tana da tsawo, kuma mutane ba su jira an gama komai ba kafin su riƙe abin da ke haɗa su wuri ɗaya.

Ma'aunin da talaka ya sani

Ba na cewa kallon ƙwallo ya fi barci, balle ya sha gaban sallar asuba ko karatun yaro. Ɗalibi da manomi suna da haƙƙin jikinsu, kuma masu gidajen kallo za su kyauta in suka riƙa maimaita wasannin dare da la'asar, suka kuma koma amfani da sola don rage kuɗin mai. Abin da nake cewa shi ne zaɓin ya dawo hannun mutane. Wanda ya kwanta ya kwanta don barci yake ji, wanda ya fita ya fita da kwanciyar hankali.

Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai suna ba da rayukansu, kuma hukumomi kan auna nasara da yawan makaman da aka ƙwato. Talaka yana da nasa ma'aunin: ko zai je gonarsa mai nisa ya dawo, ko motar Sheme za ta bi hanya bayan magariba, ko mai shayi zai kai tsakar dare bai kwashe tebur ba. Gidan kallo a buɗe ƙarfe biyun dare yana cikin wannan lissafi, domin ba ya buɗuwa sai hanya da kasuwa da unguwa duk sun samu lafiya.

In aka bi tsarin shekara huɗu-huɗu, a 2028 za a sake buga Copa America, kuma nan ma cikin darenmu za ta faɗo. Addu'ata ita ce a wannan karon mai gidan kallo a Faskari ya rubuta wasan ƙarfe ɗaya a allonsa, ya kunna inji ba tare da ya leƙa bakin layi ba. A cika benci, a yi ihu da ƙarfi in ƙwallo ta shiga, maƙwabta su juya a kan gado su ce yaran nan ne da ƙwallonsu. In an tashi a wuce masallaci tare, iyaye mata kuwa su farka ne saboda kiran salla kawai. Allah Ya nuna mana.