Kafin Ka Sayi Akwatin Sifikar Jita Bes, Tsaya Ka Karanta Wannan

Yau ba labarin fim na kawo ba, kuma ba sabuwar waƙa ba ce. Magana ce ta kayan kiɗa, musamman ga 'yan uwa masu son shiga harkar kiɗan kai tsaye.

Mun sani yawancin waƙoƙinmu na Hausa a fiyano ake haɗa su cikin sutudiyo, har da bes ɗin. Amma duk wanda ya taɓa kallon Tal National na Yamai, ko Mdou Moctar da Etran de L'Aïr na yankin Agadas suna wasa, ya san jita bes ta hannu daban take. Ita ce ke dukan ƙirji. To sai dai bes ɗinka ko ta nawa ka saya, akwatin sifika ne ke fitar da muryarta. In ka yi kuskure a nan, kuɗinka sun tafi.

Ni ganau ne. Bara, a wani biki, wani abokina da ke kaɗa bes ya ga filin ya yi girma, sai muka aro akwati na biyu muka jona da nasa don ƙarin ƙara. Wallahi ba mu yi minti arba'in ba muka ji warin ƙonewa, amfilifaya ta yi tsit, daidai lokacin da amarya ke shigowa. Kunya a gefe, kuɗin gyara a gefe. Washegari mai gyara ya tambaye mu: "Om nawa ne akwatunan?" Muka tsaya muna kallon juna. Daga ranar na zauna na koyi abin, shi ne zan raba muku.

Me ya sa bes ke buƙatar akwatinta daban?

Tsirkiya mafi kauri a jita bes mai tsirkiya 4 tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Ta jitar da muka saba gani kuwa kusan sau 82 ne. In bes ɗin mai tsirkiya 5 ce, tana sauka har kusan 31. Sauti mai zurfi irin wannan sai an tura iska da yawa kafin kunne ya ji shi, don haka takardar sifikar dole ta riƙa fita da komawa da nisa. Shi ya sa in ka jona bes a akwatin jita ka ƙure ƙara, ba ya jimawa yake yagewa.

Abin ya daɗe. Kamfanin Fender ya fito da bes ɗinsa Precision a 1951, sannan amfilifayar Bassman a 1952. A 1969 Ampeg ya kawo SVT mai wat 300, da akwati mai sifika 8, wanda makaɗa ke yi wa laƙabi da firji saboda girmansa. Har yau ana ganinsa a manyan dandamali.

Na farko: om

Wannan shi ne abin da ya ƙona mu, don haka da shi zan fara. Om ma'auni ne na yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. Yawancin akwatunan bes om 8 ne ko om 4. Idan om ya yi ƙasa, amfilifaya na fitar da wuta da yawa, tana kuma ƙara zafi.

Juya bayan amfilifayarka, za ka ga an rubuta mafi ƙarancin om da take ɗauka. Galibi 4 ne. Kada ka sauka ƙasa da shi. Ga inda mutane ke faɗawa: in ka jona akwati biyu ta ramukan bayan amfilifaya, om ba ƙaruwa yake ba, raguwa yake. Om 8 da om 8 sun koma 4. Om 4 da om 4 sun koma 2. Om 8 da om 4 sun koma kusan 2.7. Mu akwati biyu masu om 4 muka haɗa wa amfilifayar da iyakarta 4. Mun saukar da ita 2 ke nan, ta yi ta zafi har ta ƙone.

Shawarata: in kana tunanin ƙara akwati nan gaba, sayi mai om 8. In kuma ka tabbata guda ɗaya za ka riƙe har abada, mai om 4 zai tatso duk ƙarfin amfilifayar. Masu tsohuwar amfilifaya mai kwalba kuma ku kula, ita sai om ya dace daidai da ramin da aka rubuta, kuma ba a kunna ta babu sifika a jone.

Na biyu: wat

A kasuwa za ka ga akwati ɗan ƙarami an manna masa wat 5000. Kada ya ruɗe ka. Nemi adadin da aka rubuta RMS a gefensa, shi ne abin da sifikar ke iya ɗauka a ci gaba da aiki. Wanda aka sa wa PMPO talla ce kawai.

Ka kwatanta RMS na akwatin da abin da amfilifaya ke bayarwa a om ɗin akwatin. Amfilifayar da ke ba da wat 500 a om 4, in ka jona mata om 8 kusan 250 zuwa 300 za ta bayar. Akwati mai RMS 300 zuwa 400 ya yi mata daidai.

Wani abu da ya ba ni mamaki: ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu. Desibel 3 kawai yake ƙarawa, ɗan bambanci ne a kunne. Kafin ka ji ƙara ta ninka, sai wat ya ninka kusan sau 10. Saboda haka duba wani adadin da ke nuna ƙarar da akwati ke yi da wat 1 a nisan mita 1. Akwati mai desibel 99 da wat 200 zai yi ƙara daidai da mai 96 da wat 400. Ga mu masu aiki da janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku: girma da yawan sifika

In ka ga an rubuta 4x10, ana nufin sifika 4 masu faɗin inci 10. 1x15 kuma guda ɗaya ce mai inci 15. Mutane da yawa sun ɗauka babbar sifika ita ce ta fi bes. Ba kullum ba. In ka lissafa faɗin fuska, huɗu masu inci 10 sun kai kusan murabba'in inci 314, guda mai 15 kuwa kusan 177. Ka ga huɗun sun fi tura iska.

A nawa kunnen, 4x10 ta fi fito da bugu a sarari, tana ratsa ganguna da fiyano. 1x15 ta fi taushi da nauyin murya, ta dace da rege da kiɗa mai sanyi. 2x10 ko 1x12 sun isa atisaye a ɗaki da ƙaramin taro. Amma ƙirar akwatin kanta na canja komai, don haka kunnenka ne alƙali.

Na huɗu: rami da katako

Akwai akwati mai rami a gaba ko a baya, akwai rufaffe. Mai rami ya fi sakin bes mai zurfi da ƙara, rufaffe ya fi tsuke sauti. In ramin a baya yake, kada ka manna shi da bango.

Duba katakon ma. Filawud mai kauri ya fi jure jigila. Katakon da aka matse da garin itace kuwa nauyi gare shi, kuma da ya sha ruwan damina sai ya kumbura. Masu sa kafinta ya ƙera musu akwati da ido, ku sani girman cikin akwatin da tsawon ramin lissafi ne da ya danganta da sifikar. Sifika mai kyau a akwatin da bai dace ba, buu-buu kawai za ka ji.

Na biyar: wa zai ɗauka?

Kada ka raina wannan. 4x10 mai tsohon maganaɗisu na iya kai kilo 35 zuwa 40. Ka tuna adaidaita sahu za ka sa shi, wani lokacin ma a hau da shi bene. Masu maganaɗisun neodimiyom sun fi sauƙi sosai, sai dai sun fi tsada. Wata dabarar ita ce 2x10 guda biyu masu om 8: ƙaramin taro ka ɗauki ɗaya, babban biki ka haɗa biyu su ba ka om 4.

In na hannu za ka saya

Ko a Sabon Gari ne nan Kano, ko Alaba a Legas, tafi da bes ɗinka da amfilifayarka. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar waya. Ka kaɗa tsirkiya mafi kauri, ka saurari ko akwai karkarwa. Ka danna takardar sifikar a hankali da yatsu, in ka ji kamar tana goga wani abu, koyil ya lalace. Ka sa mita a ramin: om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, om 4 kuma kusan 3. Ka taɓa batir mai bolt 9 a wayar na ɗan lokaci, duk sifikun su motsa gefe ɗaya. In ɗaya ta shige ciki sauran suka fito, an juya wayarta, kuma hakan na cinye bes. Ka tambaya ko an taɓa yi mata naɗi, don wani naɗin na canja om.

Sannan don Allah kada ka jona akwati da wayar jita. Siririya ce, ba a yi ta don ɗaukar wuta mai ƙarfi ba. Sayi wayar sifika, in da hali mai kan Speakon da ke kullewa.

Abokin nawa yanzu 2x10 biyu yake amfani da su, kuma ya rubuta om ɗin da maka a bayan kowanne, saboda masu aro. Ku ma ku yi hakan. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi sunan amfilifayarsa da abin da aka rubuta a bayanta, in sha Allahu zan amsa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.