Kamun Kifi da Ƙwaron Ƙarya

Kowane yaro a Rijiyar Zaki ya san yadda a ke kamun kifi da fatsa. A kan haƙo tana a wuri mai laima, ko a kamo fara, a soke ta a ƙugiya, a jefa cikin kududdufi ko kogin Watari, a zauna jira. In tarwaɗa ta haɗiye, sai a fizgo. Abin da muka ba ta abinci ne na gaske, ƙugiyar kaɗai muka ɓoye mata. To, akwai waɗansu masunta a ƙasashen sanyi da ko abincin ba su bayarwa. Gashin tsuntsu su ke ɗaura wa ƙugiya, kifi ya zaci ƙwaro ne.

Kifin da a ke yi wa wannan dabara Turawa na kiransa tirawut. Babu shi a kogunanmu, shi ya sa ba shi da sunan Hausa. Jikinsa na da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da jajaye. Ya fi son ruwa mai sanyi, garau, mai gudu a kan tsakuwa, irin wanda ke gangarowa daga manyan duwatsu. Dalili kuwa, kifi na shaƙar iskar da ke cikin ruwa ne, ruwan sanyi kuma ya fi na ɗumi riƙe iska. Da zafin ruwa ya wuce digiri 20, sai tirawut ya soma galabaita. Ku gwada shi da tarwaɗarmu, wadda ko cikin taɓo ta kan rayu, don tana iya shaƙar iskar sarari.

Kada ku ce sai a Turai a ke samunsa. A shekarar 1905 aka kawo ƙwansa daga Birtaniya zuwa Kenya, aka zuba 'ya'yan a kogin Gura, kan duwatsun Abadiya. Kenya ƙasar zafi ce, amma can bisa duwatsu sanyi ne, don haka kifin ya zauna, ya hayayyafa.

Yawancin abincinsa ƙwarin ruwa ne. Waɗannan ƙwari su kan girma a ƙarƙashin duwatsun kogi, sa'an nan su taso saman ruwa, su yi fiffike, su tashi. Tirawut kuwa yana laɓe bayan dutse, ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, yana cafke duk wanda ruwa ya kawo masa. Wanda ya taɓa ganin kawara tana tsalle tana kama shinge da farkon damina ya san irin abin da a ke nufi.

Masunci ya kan duba irin ƙwaron da ke tashi ran nan, ya lura da girmansa da launinsa. Da ma yana da ƙananan ƙugiyoyi cikin akwati, kowace an naɗa mata zaren siliki, da gashin wuyan zakara, wata har da gashin zomo. Wata ba ta kai ƙwayar wake ba. Sai ya zaɓi wadda ta fi kama da ƙwaron, ya ɗaura.

Ga inda wuyar ta ke. Ƙwaron ƙarya ba shi da nauyi, ba ya jefuwa. Ku ɗauki gashin kaza ku jefa, ku ga inda zai sauka. Saboda haka igiyar ce a ke yi mai nauyi, a ƙulla mata wani zare siriri a baki, wanda kifi ba ya gani sosai. Masunci ya riƙe sanda mai lanƙwasa, tsawonta wajen ƙafa 9, ya kaɗa igiyar baya, ya jira ta miƙe, sa'an nan ya kaɗa ta gaba, kamar mai kora da bulala, amma a hankali. Igiyar ita ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi, ya sauka kan ruwa ba motsi. In ya faɗa da ƙarfi, ko igiya ta ja shi saɓanin yadda ruwa ke tafiya, kifi ya gane, ya ƙi. Masuncin kan bi kogi daga ƙasa yana haurawa, don ya zo wa kifi ta baya. Ko inuwarsa ta faɗa kan ruwa, ya yi asara. A ganina, wannan su ya fi kama da farauta.

Kakar Turai daga Satumba ta ke zuwa Nuwamba. Ganyaye su kan yi rawaya su zube, ruwa ya ƙara sanyi, kifin ya yi ƙiba, launinsa ya fito. Amma kwanakin su kaɗan ne suka rage, gama lokacin ƙwai ya gabato. Ta macen ta kan haura kogi, ta tona rami cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai, namijin ya ba su rai, ta rufe. In aka kama ta kafin nan, an kashe ɗaruruwan kifin baɗi tare da ita. Don haka a Sikotilan doka ta hana kama tirawut daga 7 ga Oktoba har 14 ga Maris. Masunta da yawa ma, in sun kama, su kan zare ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu, su mai da kifin ruwa.

A wurinmu abin ya juya. Tarwaɗa da damina ta ke ƙwai, sa'ad da kogi ya yi ambaliya ya shiga ciyawar fadama. In kaka ta yi, ruwan Watari da na Calawa ya janye, kifi ya taru a gurabe masu zurfi, masunta su fito da koma da taru da gora. 'Ya'yan bana kuwa a lokacin ba su wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba. Taru mai manyan idanu ya kan bar su su wuce. Magimfa da maganin ƙwari, waɗanda waɗansu ke zubawa a gurbi, ba su barin babba, ba su barin ƙarami.