Labarin Limaman Majami'u 400 na Birnin Filadalfiya

Filadalfiya babban birni ne a gabashin ƙasar Amurka, mai tashar jiragen ruwa da masana'antu masu yawa. A shekarar 1960 mutanensa sun kai miliyan 2, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa baƙar fata ne, galibinsu su ko iyayensu sun taso ne daga kudancin ƙasar neman abinci. Tun 1955 dokar jihar ta haramta nuna bambancin launi wajen ɗaukar ma'aikata, amma abin da doka ta hana al'ada ta ci gaba da shi. Kamfani ya yarda ya sayar wa baƙin mutum burodi da man mota, ya karɓi kuɗinsa hannu biyu, in ya zo neman aiki kuwa sai a miƙa masa tsintsiya. Akawu da mai tallar kaya da direban motar kamfani kusan duk farare ne. Saboda haka samari suka cika bakin titi babu abin yi, talauci ya yi kanta a unguwannin arewacin birnin.

Akwai wani limamin Kirista a can, sunansa Leon Sullivan, wanda ya riƙe majami'ar Zion Baptist tun 1950. Da farko ya bi manyan kamfanoni da lalama, yana roƙo a gwada samarin unguwarsa, amma kaɗan ne suka kula shi. Da ya ga haka ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya nemi 'yan'uwansa limaman majami'un baƙar fata, duk da ɗarikunsu sun sha bamban, har suka kai wajen 400. Shawarar da suka tsayar ita ce, duk kamfanin da ya ƙi ɗaukar mutanensu aiki, su kuma mutanensu su daina sayen kayansa.

Tsarin da suka bi abin lura ne. Ba su naɗa shugaba ba, ba su da ma'aji, ba ofis, ba littafin sunaye. Kowace magana ta taso sai a zaɓi sabon kakaki. Hikimar wannan kuwa, ba wanda kamfani zai kai ƙara gaban alƙali, ba kuma kai guda da za a saya ko a tsorata. Sai a tura limamai kaɗan wurin kamfani guda ɗaya tak, su tambayi yawan baƙar fata da ke aiki a ciki da irin aikin da suke yi. Sa'an nan su faɗi adadin guraben da suke nema, su yanke wa'adi. In wa'adi ya cika ba a yi ba, ran Lahadi kowane limami ya hau mumbarinsa ya gaya wa jama'arsa a bar sayen kayan wane. Babu duka, babu zagi, babu ƙona kanti.

Wanda aka soma da shi a 1960 shi ne kamfanin Tasty Baking, mai yin kek da ake sayarwa a ƙananan kantuna. Matan gida suka janye hannu, masu kantuna suka ga kaya na kwana, suka daina sara. Bayan wajen wata biyu kamfanin ya sauko, ya ɗauki baƙar fata direbobi masu talla da akawuna. Nan da nan limamai suka koma mumbari suka ce a koma saye, domin alkawari ya cika. Wannan cika alkawari shi ya ba maganarsu nauyi, don kowane ɗan kasuwa ya gane cewa wanda ya rufe masa ƙofar ciniki yana iya buɗe ta, kuma ya san sharaɗin buɗewar. Daga nan aka bi ta kan Pepsi-Cola, da kamfanonin mai na Gulf da Sun Oil. Kafin ƙarshen 1963 an yi irin wannan da kamfanoni 29, waɗansu da yawa kuwa suka gyara tun ba a zo kansu ba. Labari ya kai ga Martin Luther King, har ƙungiyarsa ta kafa makamancin wannan shiri a birnin Atlanta a 1962.

To, a nan ne wata matsala ta ɓullo wadda ba a zata ba. Gurabe sun buɗe, amma masu cika su sun yi ƙaranci, domin wanda aka hana shi koyo shekara da shekaru ba ya zama gwani dare ɗaya. Limaman suka ga idan suka tsaya nan, kamfanoni za su ce ga shi an ba su sun kasa. Saboda haka a watan Janairu 1964 suka buɗe makarantar koyon sana'a, wadda aka sani da OIC, a wani tsohon gidan 'yan sanda mai ɗakunan tsare mutane da aka yi watsi da shi. Hukumar birni ta ba su hayarsa a kan dala 1 a shekara. Jama'a suka yi karo-karo, kamfanoni suka ba da injuna. Aka koyar da aikin ƙarfe, da ɗinkin keke, da zanen gini, da aikin lantarki, da girkin gidan abinci. Wanda karatunsa da lissafinsa suka yi rauni sai a fara gyara masa su tukuna. A 1967 Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya zo da kansa ya ga wurin. A farkon shekarun 1970 aka buɗe rassanta a Ikko da Ankara.

Saura abu na uku, watau jari. Mai aikin albashi yana ƙarƙashin mai dukiya ne har abada in bai mallaki kome ba. A 1962 Sullivan ya nemi mutum 50 daga jama'arsa su riƙa zuba dala 10 kowane wata har wata 36, sai wajen 200 suka amsa. Abin ya yi kama da adashi, sai dai ba mai kwasa. Zubin wata 16 na farko sadaka ne don ilmi da taimakon mabukata, na wata 20 da suka rage kuwa hannun jari ne na mai zubi. An kuma gaya musu tun farko kada su sa ran riba da wuri. Mutanen waɗansu majami'u suka shigo, masu zubi suka kai dubbai. Da wannan kuɗi aka gina gidajen haya, a 1968 kuma aka buɗe kasuwar kantuna mai suna Progress Plaza, mallakar baƙar fata.

Ba duk abin da suka taɓa ne ya yi albarka ba. Waɗansu masana'antun da suka kafa sun durƙushe daga baya, manyan kamfanoni da yawa sun bar birnin, talauci kuma bai ƙaura daga arewacin Filadalfiya ba. Sullivan ya rasu a 2001. Amma kasuwar tana ci, makarantar kuma ba ta rufe ba.

Abin da mai hankali zai tsinta a labarin nan shi ne, waɗannan mutane ba su da mulki, ba su da dukiya mai yawa. Abin da ke hannunsu biyu ne, mumbari da kuɗin cefanen talakawa. Da kowane limami ya tsaya kan ɗarikarsa, da kamfani bai ko san ana yi ba. Malami mai jama'a da ɗan kasuwa mai jari suna nan a kowane gari, matalauci kuma yana zaune tsakaninsu yana jira. Allah ya sa a dace, amin.