Zaɓen Giyar Keke a Ƙasar Tudu da Rairayi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya sake samun daraja a garuruwanmu. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura za ka ga iri biyu a kan hanya. Akwai baƙin keken nan na iyaye da kakanni, Raleigh ko Phoenix ko Hero, mai giya ɗaya da kariya a baya. Akwai kuma kekunan gwanjo masu siririyar taya da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda matasa da ma'aikata ke saye don zuwa aiki ko motsa jiki da yamma. Duk wanda ya je sayen irin na biyun, tambayarsa ta farko ita ce, "Giya nawa gare shi?" In aka ce masa ashirin da ɗaya sai ya ji ya yi dace. A ganina an saki reshe an kama ganye. Abin da ya kamata mai saye ya bincika shi ne giyar da ta fi kowace sauƙi a jikin keken, ya ga ko za ta haye da shi wuri mafi wuya a hanyar da yake bi kullum ba tare da ya sauka ya tura ba.

Lissafin ba shi da wahala. Sarƙa tana haɗa faifai biyu masu haƙora, babba a wajen feda, ƙarami a ƙafar baya. In na gaba yana da haƙora 44, na baya kuma 18, to duk zagaye ɗaya na feda ƙafar baya tana juyawa kusan sau biyu da rabi. Tayar baƙin keke mai inci 28 tana cin ƙasa kimanin mita 2.2 a juyi ɗaya, don haka kowane zagayen feda yana tura mahayi wajen mita biyar da rabi. A sa faifan baya mai haƙora 22, sai tazarar ta sauko zuwa mita huɗu da rabi, fedar kuma ta yi laushi a ƙafa. Aikin bai ragu ba, an dai rarraba shi ne, kamar mai kwashe buhun gero da zai iya sungumarsa gaba ɗaya ko ya ɗebe shi kwano-kwano. Jikin ɗan Adam ya fi jure na biyun. Masu horar da mahaya keke sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa juya feda tsakanin sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya, domin a nan ne numfashi ke ɗaukar nauyin tafiyar, ba gaɓoɓi ba. In juyin ya faɗi ƙasa da 50, cinyoyi da gwiwoyi ne ke biyan kuɗin.

Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina ruwanmu da giyar hawan dutse? Wanda ya san yankin ba zai faɗi haka kai tsaye ba. Kazaure gari ne da duwatsu suka yi wa rakiya, kuma ƙasar da ta miƙa yamma wajen Roni da Gwiwa tudu ce da gangara, hawa ba mai tsawo ba amma mai yawan maimaituwa. A ɗauki mutum yana hawan tudu da gudun kilomita 10 a awa. A kan baƙin keke mai 44 da 18, fedarsa za ta riƙa juyawa sau 30 kacal a minti, wato yana miƙewa tsaye yana danna ta da dukkan nauyinsa, keken na karkata hagu da dama. Babura kuwa, can kusa da iyakar Nijar, ba ta da irin wannan tudun, amma tana da rairayi, kuma da zarar an sauka daga kwalta siririyar taya sai ta nutse, keken ya yi nauyi tamkar ana hawa. Ga kuma iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu. Wanda ya taso daga Ɗambatta ya nufi Kazaure a kan hanyar Kano zuwa Daura a wannan lokacin, iskar a fuskarsa take. Turjiyar iska kuma ba a hankali take ƙaruwa ba: in saurin da take bugun mutum ya ninka biyu, ƙarfin da take tura shi baya yana ninka huɗu.

Matsalar kekunan gwanjo ita ce da yawansu an ƙera su ne don 'yan tsere. Faifansu na gaba sau da yawa 53 da 39 ne, na baya kuma daga 11 ko 12 zuwa 25. Giya mafi nauyi a irin wannan, 53 da 11, tana cin mita 10 a zagaye ɗaya. Mai juya ta sau 90 a minti yana gudun da ya haura kilomita 50 a awa, irin gudun da ake gani a ƙarshen zango a gasar Tour du Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987. Malamin makaranta da ke fita shan iska bayan la'asar ba zai taɓa bukatarta ba. Mafi sauƙinta kuwa, 39 da 25, mita 3.3 ce, wadda a wancan tudun za ta bar shi yana juya feda sau 50. Amma keke mai faifan gaba 50 da 34, da na baya da ya kai haƙora 32, yana saukowa zuwa mita 2.2, sai ga mahayi yana zaune daram a kan sirdi yana juyi 75, yana ma iya amsa sallama. Yawan giya bai tabbatar da wannan ba. Ashirin da ɗayan nan faifai uku ne a gaba da bakwai a baya, kuma da dama daga cikin haɗe-haɗensu maimaita juna suke yi.

Akwai masu ganin giya mai sauƙi ragwanci ce, kuma tana rage gudu. Gaskiya ne a gangara mai giya mai nauyi zai wuce ka. Amma tafiya ba gangara kaɗai ba ce. A baƙin keke, mai faifan baya 20 da ke juyi 70 a minti yana yin kilomita 20 da ɗoriya a awa, ya ɗan fi mai 18 da ke juyi 60, kuma shi ne zai iso da sauran ƙarfi a jikinsa. Su kansu Turawan sun yi wannan gardamar, domin sai a 1937 aka yarda 'yan gasar Tour de France su yi amfani da na'urar sauya giya. Yau kuwa manyan 'yan tseren duniya suna ɗaura faifan baya mai haƙora 30 ko fiye a ranakun hawan dutse, ba wanda ya kira su ragwaye.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu sukar keke mai sauya giya ita ce ta ƙura da kayan gyara, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Na'urar sauya giya a waje take, ƙurar hunturu na haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar turɓaya mai cin ƙarfe, faɗuwa ɗaya kuma kan lanƙwasa ta. Mai gyaran keke a ƙauyen Gwiwa yana da sarƙa da birki da faci na baƙin keke, amma kayan keken tsere sai an aika Kano. Sai dai wannan hujja ce ta kula da keke, a goge sarƙa da tsumma a sa mai kaɗan, ba hujjar wahalar da gwiwoyi ba. Ga wanda kuma ya zaɓi zama da giya ɗaya, zaɓin haƙora ya fi muhimmanci a gare shi, tunda ba shi da wata da zai koma. Mai ɗora jarkokin ruwa ko buhun taki a kariya ya cancanci 20 ko 22 a baya. Idan aka yi sa'ar samun tsohon keke mai giya uku a cikin cibiyar ƙafar baya, irin ta Sturmey-Archer da aka fara ƙerawa a Ingila a 1902, to ita a rufe take, ƙura ba ta kai mata da sauƙi.

Kafin a biya kuɗi, a tsuguna a ƙirga. A sa alli a kan haƙori ɗaya na ƙaramin faifan gaba, a juya feda baya a hankali ana lissafi har allin ya dawo, sannan a yi haka ga mafi girman faifan baya. In lambobin biyu sun kusa yin daidai, keken zai hau tudun Roni. In za a sauya faifan baya da babba, a sani cewa na'urar sauya giya mai gajeren hannu sau da yawa ba ta ɗaukar haƙora 32, sai an nemo mai dogon hannu. A baƙin keke kuma, tashi daga 18 zuwa 22 yana bukatar a ƙara wa sarƙa gaɓa biyu, kuma in sarƙar ta riga ta ci, gara a sauya su tare, domin tsohuwar sarƙa a kan sabbin haƙora tsalle take yi daidai lokacin da aka danna feda da ƙarfi.